Ranar da Likita Ya Zo Ƙirga Almakashi

Ngatmi ba ta iya karɓar baƙo a hargitse. Haka Allah ya yi ta. Ko mai duba mitar wuta ne zai leƙo gidanta a Kudus, wani garin masana'antun taba can a gabas mai nisa, sai ta share tsakar gida ta sake mayafi. Shekara ashirin da shida ta yi a masana'antar tabar kanumfari, goma sha tara tana naɗi, bakwai tana shugabar layi, kuma ba ta gajiya da faɗa wa mutane cewa layinta bai taɓa jin kunya ba.

Aikin bibbiyu ake yin sa, ɗaya ta naɗa, ɗaya ta datse bakin karan tabar da almakashi. Duk shekarun naɗin Ngatmi, Wartini ce mai datse mata. Kara dubu uku a yini, har babban yatsan Wartini ya kumbura, kofin shayi ma sai ta tallabe shi da hannu biyu.

Likita Handoko na asibitin ma'aikata ya duba hannun, ya ce, "Iya, ciwon gaɓoɓi kashi uku muke raba shi. Wanda aiki ya jawo, wanda aiki ya tsananta, da wanda babu ruwan aiki. In na farko ne ko na biyu, za a yi miki magani a ba ki aiki mara nauyi. In na uku ne, sai dai gida. Ran Laraba zan zo in ƙirga sau nawa yatsan nan ke motsi."

Da Ngatmi ta ji likita zai zo layinta, ai sai ta tashi haiƙan. Ta kwashe tsofaffin almakasai masu tauri, ta roƙo sababbi daga sito. Ta aro matasai ta ɗora a kan benci. Ta sa kowa ta kwance tsumman da take ɗaure wuyan hannu da shi.

"Ku yi a hankali, ku miƙe baya," in ji ta. "Kada wata ta yi min wannan rawar hannu kamar mai korar ƙuda. Baƙo ne fa."

Wata mai naɗi, Parmi, ta ce, "Yaya, likita zai zo ko surukinki?"

Aka kwashe da dariya, har da Wartini.

Ran Laraba likita ya zauna da agogo a hannu. Ya ga mata a kan matasai, almakashi na ci kamar a ganyen ayaba, ana hutawa duk awa. Ya ƙirga abin da ya gani, rabin saurin da aka saba. Da zai tafi ya yaba tsarin layin, Ngatmi ta wuni kanta a sama.

Bayan mako biyu takardar Wartini ta fito. Kashi na uku, ciwon shekaru.

Ngatmi ba ta da wauta, nan take ta gane abin da ta aikata. Kunya ta rufe ta, ta kasa ɗaga ido ta dubi layin. Ta ɗauki tsohon almakashi ta je ta faɗa wa likita komai. Ya gwada shi, da ƙyar ya buɗe. Ya ce zai sake zuwa ba sanarwa, amma sai Wartini ta sa hannu a takardar ƙorafi, kuma dole a rubuta cewa shugabar layi ta ɓoye gaskiyar aikin.

Ta sami Wartini a baranda, surukarta na ɓalle mata maɓallin riga. Ngatmi ta durƙusa ta miƙa takardar.

"Ki sa hannu, don Allah. Ni na cuce ki."

Wartini ta sa aka karanta mata, ta tura takardar baya da gwiwar hannu.

"Ni an riga an sallame ni, ke ma in sa a kore ki? Tashi, Yaya, kina ɓata zanenki."

"Wartini, hannunki fa."

"Na sani. Amma ni ban riƙe ki ba. Shekara goma ke nan, ranar Larabar nan ce kaɗai na koma gida yatsan bai hana ni cin abinci ba. Da ma ina ta so in yi miki godiya."