Haziƙin Manomi a Bango

A ɗan gidan zane-zanen da ke Kura ana sauke hotuna daga bango, wata ma'aikaciya mai suna Mubina tana ɗaukarsu da kyamara don a ɗora a intanet. Wani dattijo daga Bunkure yana tsaye a bakin ƙofa, ya ƙi shiga, ya ƙi tafiya. Ƙafafunsa duk faso, irin na wanda ya tsufa a gonar shinkafa. Hularsa na hannu, sai murɗa ta yake kamar wanki.

Idonsa na kan hoto guda: saurayi riƙe da fartanya yana fasa bakin kanal ɗin ban ruwa, ruwa na kwarara gonarsa. Tabon da ke goshin saurayin, ga shi nan a goshin dattijon. A ƙasa an rubuta "Haziƙin manomi". Da alama mai hoton baƙo ne, bai san kowa da ranar ruwansa ba, bai kuma lura da shinkafar maƙwabci da ta bushe a gefe ba. Ranar kuwa ba ta saurayin ba ce, ta maƙwabcin ce. Shekara talatin hoton na rataye lafiya lau, don mutanen Bunkure ba sa hawa mota zuwa kallon bango.

"'Yar nan, wannan ma za a sa?" in ji dattijon.

"Shi ne ma na farko, Baba. Duk mai waya zai buɗe shi da yatsa har ya ga fuska."

Dattijon ya sake duban hoton.

"Maƙwabcina Datti dai idonsa ya mutu," ya ce a hankali. Can kuma ya ƙara, "Amma yana da jikoki."