Baburan da Muka Saba da Su

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Illela. Na idar da sallar asuba, na hura wuta, na ɗora ruwan koko. Maigidana, Baban Rabi, yana ƙofar gida yana ɗora buhunan albasa a amalanken jaki. 'Yarmu Rabi tana shara.

Ƙarfe shida da rabi muka ji babura daga arewa. Ko kai ban ɗaga ba. Tun da manyan ƙasarmu da na Nijar suka ɓata aka rufe iyaka, kullum 'yan fasa-ƙwaurin fetur ke ratsa ƙauyenmu. Har fura muke sayar musu. Sojojin ƙasashen biyu da ke sintiri tare kuwa an janye su, kowa ya koma gefensa yana hararar ɗan'uwansa. Mun san da haka. Ashe ɓarayin daji ma sun sani.

Babur ɗin fetur in ya dawo da safe, jarkokinsa fanko ne, suna ta kwaram-kwaram. Waɗannan ba su da wannan ƙarar. Kunnena ya ji, hankalina bai ɗauka ba.

Bakwai saura kwata aka yi harbin farko.

"Kowa ya kwanta! Ina shanun?" in ji wani cikin ɓarayin.

Na ja Rabi muka shige bayan tulunan ruwa. Ina jin kukan shanu, ina jin ƙaurin gero daga rumbunan da suka cinna wa wuta. Ba abin da bakina ke maimaitawa sai Hasbunallahu.

Ƙarfe takwas suka tafi. Na tarar da Baban Rabi kwance gefen amalanke, harsashi ya shiga cinyarsa. Na ɗaure wurin da mayafina. Jakin ba su ɗauka ba, sun raina shi. Ni da Rabi muka ture albasar, muka ɗora shi.

Ɗakin magani mafi kusa yana tsallaken iyaka, tafiyar rabin sa'a. Garin mahaifiyata ne. Can na haifi Rabi, kuma ba wanda ya taɓa tambayata takarda.

Takwas da rabi muka isa shingen iyakar. Ganguna biyu ne da igiya, sai jandarman Nijar a tsaye.

"Ku tsaya nan! Ku koma!"

Da Hausa ya daka mana tsawar, irin Hausar kakata. Na ɗaga zanen da muka rufe Baban Rabi da shi na nuna masa jinin. Ya kau da kai.

"Umarni ne daga sama. Ku koma."

Daga inda nake ina hango rufin kwanon ɗakin maganin. Muna tsaye babura biyu ɗauke da jarkoki suka bi ta bayan gona, suka tsallaka cikin yashi. Ba wanda ya ce musu uffan. Fetur yana da hanyarsa. Amalanke ba ta bin wannan yashin.

Muka juya jaki zuwa Illela. Rana ta taso. Sau biyu Baban Rabi ya nemi ruwa, na jiƙa masa leɓe. Ya yi ta kalmar shahada a hankali, ina amsa masa. Goma da kwata Rabi ta ce, "Inna, Baba ya yi shiru." Jakin bai tsaya ba. Mu ma ba mu tsayar da shi ba.

Muna gidan yayana a Illela aka buɗe iyakar. A rediyo na ji manyan sun ce mu 'yan'uwan juna ne tun kaka da kakanni. Sai yanzu suka tuna.

Daga baya baƙi suka zo daga ƙasashen waje a fararen motoci, wai za su maido da zaman lafiya, su sake gina yankin. Suka zauna a inuwa da ruwan gorarsu, aka jera mu a rana. Suka shimfiɗa taswira, tafinta ya yi ta neman ƙauyenmu bai gani ba. Wata a cikinsu ta sa ya tambaye ni me ya hana mu gudu da muka ji babura.

Na ce masa, "Mi zan ce mata? Ta tambayi waɗanda suka koya muna sabawa da su."

Bai fassara ba. Ta rubuta wani abu, ta yi murmushi. Kafin la'asar sun tafi.

Jakin yana nan. Amalanken ma yana nan, na wanke shi. Albasar ta ruɓe inda muka ture ta. Da safe in na dama koko, har yau kofi uku nake ɗaukowa, sai in mayar da ɗaya.