Fararen Ƙwayoyin Ta-Taga

Ta-Taga ake ce mata, don keken ɗinkinta na jikin tagar shago, kuma ba mai wucewa ta layin ba ta tsokane shi ba. Kallo ɗaya take yi wa mace ta faɗi awon ƙugunta. Allah ya jiƙan wannan baiwar tasa, ba ta iya fushi ba.

Tun tana budurwa ciwon mara ke murɗa ta duk wata. Sai ta cika kwalba da ruwan zafi, ta naɗe da tsumma, ta cusa cikin riga, ta ci gaba da taka keke.

Wata mai kawo ɗinki ce ta kai ta wurin mai maganin homiyofati, wani irin magani da ba na asibiti ba. Ya ba ta 'yan ƙwayoyi farare masu zaƙi, kamar duwatsun da take jerawa a wuyan riga. A sa ƙarƙashin harshe, kar a taɓa da hannu, ban da turare. Ya kuma ce, "Idan ciwon ya ƙaru, kar ki tsorata. Maganin ne ke koro shi waje."

Wannan maganar ta riƙe. Ta kyautar da turarukanta, ita da ake jin ƙamshin zuwanta tun daga kwanar layin.

Ciwon ya ƙaru, ta yi murna. Sai ya daina jiran wata, ya zauna. Wata safiya siket ɗinta ya ƙi zugewa. Ta farke gefe, ta ƙara ɗan ƙyalle, ta mayar.

Aminiyarta mai guga, wadda teburinta ke ƙuryar shagon, ta ajiye dutsen guga. "'Yar'uwa, hannunki na ramewa, cikinki na gaba. Tashi mu je asibiti."

"Ke dai kin ƙi jinin in yi ƙiba."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma. Fita yake yi. In na je su tare masa hanya, na koma farko ke nan."

Ta karkata kwalbar, ƙwaya ta gangaro cikin murfi, ta jefa a baki. Zaƙin ya narke. Ta san awo, ta san jiki ba ya cika a wuri guda. Ta kawar da kai ta zura zare.

Ranar da ƙafarta ta kasa danna keken, mai guga ba ta nemi izini ba, ta tsayar da mota. Likita ya daɗe da hannu a kan marar, sannan ya tambaya tun yaushe. Ƙari ne ya fito mata a ciki, kuma ya riga ya yaɗu.

Bayan rasuwar, mai guga ta zo kwashe kayan shago. A bayan labulen gwaji ta tarar da siket-siket rataye a ƙusa, kowanne da ƙarin ƙyalle a gefe, na sama ya fi na ƙasa faɗi. Ɗinkin ya kwanta lumui, sai an shafa ake ganewa. Na ƙarshen yana kan keke, a farke, allura na tsaye a cikinsa.