Shinkafa Mai Gauraka

Ranar kasuwar Malanville ce, a ƙarshen daminar da nake aji huɗu a lakol, wato makarantar boko, shekarar da kogi ya cika ya shigo mana gida. Ina tsaye bayan Inna a rumfar shinkafa, ƙasa duk caɓi, buhunanmu na jere farare fes, babu ko ɗigon fenti a jikinsu. Direban da ke ɗaukar wa wani Alhaji na Kamba kaya ya zo ya zagaya su yana leƙen gefensu. Inna ta ɗebo shinkafar a tafin hannu ta miƙa masa. Ko kallon hannun bai yi ba. "Inna, ni mai gauraka anka aiko ni in ɗauka," in ji shi. "Wagga ba ta da tsuntsu."

Tsuntsun nan na Baba ne. Mahaifina mai zane ne, shi ke yi wa masu shago allo, ya yi wa motoci ado, ya tsara wa 'yan kasuwa alamar da za su sa wa kayansu. Yawancin masu saye a kasuwarmu ba sa karanta boko, da hoto suke kiran kaya: sabulu mai kifi, shayi mai raƙumi, shinkafa mai tauraro. Manyan fatake kuwa ba sa zuwa da kansu, direba suke turowa da sunan hoton a bakinsa. Baba ya zana wa Inna gauraka tsaye da ƙafa ɗaya, tukkunta a baje kamar fitowar rana, ya yanke siffar a jikin fallen kwano da ƙusa da 'yar guduma. Sai a ɗora kwanon a kan buhu, a dangwala soso a fenti a bi ramukan, tsuntsuwa ta fito.

A gidanmu ba a ɗauki wannan aiki da nauyi ba. Aiki shi ne na Inna: ta sayo shinkafa daga Garou, ta jiƙa, ta turara a manyan tukwane har hayaƙi ya ja mata ido, ta shanya a tabarmi. Ni ce mai korar kaji da awaki daga shanyar, kuma sau da yawa akuya ta cika baki ina can ina kallon yadda Baba ke haɗa shuɗi da rawaya su zama kore. Kawunnaina kan ce masa mai wasan yara. Shi dai murmushi yake yi, ya ce, "Tsuntsun nan shi ka magana inda ba mu nan." Ko bayan ciwon da ya bar masa rawar hannu ya daina karɓar aiki, kwanon nan ya ci gaba da yin abin da hannunsa ya kasa.

Da ruwa ya taso, Baba na kwance gidan ƙanensa a Guéné ana masa magani. Inna ta sami amalanke ta kwashe shinkafa da tukwane da tabarmi zuwa tudu. Wata maƙwabciya ta nuna mata kwanon jingine a bango, Inna ta ce, "Bar kwanon banza, kama mini tukunyar ga." Bangon ya faɗi, ruwa ya tafi da abin da ke jikinsa.

Shinkafarmu ba ta jiƙe ba, amma ta mutane da yawa ta jiƙe, suka shanya suka zuba a fararen buhuna, shi ya sa kowa ke gudun buhun da ba alama. Ɗakin da muka ajiye tamu kuma yana tsattsafo, har buhunan ƙasa sun soma wari. Shinkafar nan ce kaɗai jarin da ruwa ya bar mana. Ranar kasuwar nan Inna ta rantse wa direban, ta kira masa sunan Alhaji da na matarsa, ta roƙe shi ya jira zuwa la'asar.

Lokacin an riga an dawo da Baba daga Guéné, muka garzaya wurinsa; ban taɓa ganin Inna ta durƙusa kamar yadda ta durƙusa gabansa ranar ba. "Malam, ka rufa mani asiri," ta ce. Bai tuna mata komai ba. Ya sa aka shimfiɗa buhu, ya ɗauki buroshi. Wuyan gaurakar ya fara kyau, sai hannun ya kaɗa, layin ya karkace. Aka kawo wani buhun. Inna ta riƙe masa wuyan hannu da hannayenta biyu, suna ja tare, gumi na zuba a kan fentin, ni ina danne da bakin buhun ina addu'a a zuci. Tukkun ya fito a cure, ƙafar ta yi kauri.

Direban ya duba ya yi dariya, sannan ya ga fuskar Inna ya haɗiye ta. "Wanga ai zabo ne da ruwa ya doka. In na kai ma Alhaji shi, cewa zai yi jabu na kwaso." Ya loda mai tauraro ya tafi. Rabin shinkafar ta tafi a farashin jiƙaƙƙiya, sauran ta yi fumfuna muka ba makiyaya. Alhaji bai sake aikowa ba, Inna kuma ba ta sake ɗora manyan tukwanen ba. Wata rana tana tankaɗe na ji ta ce, ba da kowa take ba, "Ni da na ɗauka gumina ka saida shinkafar."

Yanzu a bakin babbar hanya akwai samari da 'yan mata masu tsara alama a kwamfuta, su ajiye ta a waya inda ruwa ba zai ci ta ba. Ina ganin mutane na karɓar aikinsu suna cewa ai danne-danne ne kawai, su fita ba su tambayi sunan wanda ya yi ba. Nakan tsaya a ƙofar shagon ina kallon layi na fita sumul, babu kaɗawa ko kaɗan. Baba bai kai ga ganin wannan ba. Da zai zauna nan wuni guda, ya manta da cin abinci.