Mai Dashe Ta Hana Tsirranta Ruwa

Shekara goma sha tara Mai Dashe ta yi a bakin titi, jikin katangar wani gidan mai, tana renon tsirrai a baƙaƙen ledoji. Tun da ciwon ido ya raba mijinta da tuƙi, rumfar tsirran nan ce ke ci da gida. Safe da yamma tana ba su ruwa, ta lulluɓe su da raga kada rana ta taɓa su. Ganye shar, kamar an shafa musu mai.

Sai dai duk wanda ya saya, bayan sati biyu zai dawo da ƙorafi. Wata malamar asibiti ma ta dire mata dashen lemo a gabanta, ya bushe ƙayau.

"Iya, wai kayanki ba sa son gidan mutane ne?"

Mai Dashe ta yage ledar ta duba. Saiwoyin gajeru ne, duk sun nannaɗe a sama-sama. A bayan rumfa kuwa akwai wata gwaiba da ta manta da ita wata da watanni. Da ta zo ɗauka, ta ƙi ɗaguwa. Saiwarta ta fasa leda ta nutse ƙasa neman ruwa.

Washegari ta yaye rabin ragar. Ruwa kuma sai bayan kwana biyu, daga baya uku. Ganyaye suka riƙa lanƙwashewa da tsakar rana, wasu suka yi ja suka zube.

Mijinta, da ke wuni a benci da rediyonsa, ya laluba wani ganye ya ce, "Ke kuwa me suka yi miki? Allah Ya sa horon nan kada ya iso kaina."

"Kai ai saiwarka ta daɗe da kama ƙasa, Malam. Sha shayinka."

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka mutu. Ƙanwarta ta roƙe ta ta mayar da raga tun ba ta rasa duka ba, ta ce ko kusa. Kullum da sassafe takan tsuguna ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kwanta jiya ya miƙe yau, ta san zai rayu. Sabbin ganye suka fito ƙanana masu kauri, kara ya yi ƙwari.

Kayanta ba su kai na maƙwabta kyan gani ba, masu motoci sukan wuce rumfarta. Amma wani shugaban makaranta ya dasa hamsin a filin da ba famfo, arba'in da shida suka kama. Shi ya turo mata makarantu uku.

Yanzu ta ware ledoji talatin a gefe, tana gwada su da ruwan rijiyar unguwarsu mai zartsi. Bakwai sun fara toho.