Allunan da suka riga saba farkawa

Shekarar da nake aikin wucin gadi a wani ƙaramin kamfani a Wuse, an ba mu kwangilar kafa talabijin shida masu nuna lambar layi a zauren jira na wata hukuma. A bayan kowace akwai ɗan allon lantarki mai sarrafa ta, bai fi tafin hannu ba. Allon ba ya ajiye manhajarsa. Da an kunna shi, butloda, wato ɗan shirin da ke fara tashi, zai bi ta waya ya jawo manhajar daga babbar kwamfutar da muke kira saba, wadda muka ajiye a wani ɗaki gefen zauren. Ni na saita wannan, oga kuma ya ce in abin ya tafi daidai zai ɗauke ni aiki dindindin.

Ina fa! Kullum da safe sai a kira shi, wai talabijin baƙi ƙirin. Ni kuwa daga Karu nake fitowa, gosilo ba ya barina in isa kafin goma. In na isa, in kashe in kunna, su tashi garau kamar da gayya. Na sake kebul, na sake adireshin da allunan ke neman saba da shi, na goge komai na rubuta sabo. Sati uku ana abu ɗaya. Wallahi na gaji, har ganin ƙofar zauren nan ba na son yi. Oga ya koma amsa gaisuwata da ka.

Wata Litinin na fito ana idar da asuba, na isa bakwai saura. Na tarar da matar da ke buɗe zauren, wata dattijuwa 'yar Filato, tana shara. Da ta gama ta nufi bango ta ɗaga babban makunni, komai ya kama lokaci guda. Na tambaye ta ko kashe shi take yi kullum, sai ta nuna mini takardar da aka manna a ƙofa, cewa a kashe duk kayan wuta kafin a tashi. Ta ce shekara da shekaru haka take yi, ba wanda ya taɓa ce mata uffan.

Ashe har sabar take kashewa. Allunan su farka cikin daƙiƙa biyar, su yi sallama, sabar tana can tana miƙa, sai su haƙura su yi shiru. Sau ɗaya tak na ce su nema, don a ofishinmu inbata mai ajiye wuta ba ta barin saba ta mutu.

Layi biyu na ƙara a umarnin butlodan: in ba a amsa ba, a jira, a sake nema. Na adana, na ce dattijuwar ta kashe ta kunna. Bayan minti huɗu duka shidan suka haska.

Daga ranar ba wanda ya sake kira. Ƙarshen wata na shiga wurin oga na tuna masa maganarmu. Ko ɗagowa daga wayarsa bai yi ba.

"Ai ka yi ƙoƙari," in ji shi. "To amma tunda sun daina damunmu, me za ka zauna kana yi?"