Jarkoki huɗu da ba ni na wanke ba

Har yau ban manta da Talatar da Malam Iro ya tashi da ƙaramin jirgin nan ba. Ku da kuka kama aiki bayan tafiyata an ce muku ganganci ya yi. Ni ina wurin, bari ku ji yadda aka yi.

Shekarar ce tsuntsayen jan-baki suka addabi gero daga Batsari har Safana, ga tsadar abinci, ga gonakin Ruma ba su nomuwa saboda 'yan bindiga. Kamfaninmu ya samu kwangilar feshi, aka kawo jirgi mai kujera ɗaya, fukafukansa na yadi, ƙararsa kamar injin markaɗe. An gyara injinsa, ƙa'ida kuma sai an yi tashin gwaji kafin a ɗora magani. Malam Iro ne matuƙi. Ni leburar filin jirgin ce: in yi shara, in wanke jarkokin mai in kife su a rana, in tace fetur da farin ƙyalle. Shi ya koya mini cewa ruwa ƙasan fetur yake kwanciya, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kashe inji a sama.

Da safe ya tsiyayi mai daga gindin tanki a kwalba, ya ɗaga wa rana. "Inna Hajo, kin gani? Tas, kamar zuciyarki." Na ce, "Kai dai ka iya daɗin baki." Sai dai man bai kai rabin tanki ba. Lokacin an hana gidajen mai sayarwa a jarka, don haka Manaja ya aika aka samo na 'yan bumburutu, jarka huɗu.

Malam Iro ya tafi sallar Azahar cikin gari, aka ce manyan baƙin da za su kalli gwajin sun kusa. Na fara tacewa, sai ga ruwa ƙwaya-ƙwaya a kan ƙyallen. Na je gaban Manaja na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, man nan da ruwa. A bari ya kwanta."

"Baƙi su zauna jiran jarka ke nan?"

"To a jira Malam Iro ya gani."

"Inna, da tsintsiya aka ɗauke ki. Je ki jera kujeru."

Ina jera kujeru ina kallo, direban Manaja ya juye duka huɗun a tanki. Da Malam Iro ya dawo, motar Manaja ce ta ɗauke shi daga bakin hanya har gindin jirgi. Kafin in ratsa 'yan sandan da suka rako baƙin inji ya tashi, hular ƙarfe ta rufe masa kunne. Na ɗaga ƙyallen ina kaɗawa. Shi ma ya ɗago mini hannu.

Ya kewaya sau ɗaya. A na biyu injin ya yi tari, ya yi shiru. Ya faɗa wata gonar dawa, kafin mu isa rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar bakwai Manaja ya kira ni ofis, ya turo takarda da tawada. "Dangwala nan, Inna, shaida ce kawai." Na ce a ba ni ta Hausa. Ya yi dariya, ya sa akawu ya juya ta. Na bi ta da yatsa baƙi-baƙi, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci. An rubuta wai na ga marigayi ya zuba mai da hannunsa bai duba ba.

"Ranka ya daɗe, mutumin nan 'ya'yansa biyar. Wannan za a karanta musu?"

"Ke ma kina da 'ya'ya. Ki tuna da su."

Na tuna da su. Na ajiye takardar, na ce ban gani ba, ba zan dangwala ba. Ƙarshen wata aka sallame ni. Direba ya dangwala, rahoto ya fita da sunan Malam Iro a layin masu laifi.

Abin da na koya a aikin nan, idan aka yi ɓarna, wanda aka binne ake ɗora wa, don ba ya zuwa gaban kwamiti. Ni durƙusawa na yi na yi magana a hankali, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu, aka rasa rai. Ku in kun ga ruwa a mai, kada ku durƙusa. Ku harbe jarkar da ƙafa ta zube, a kore ku.